Israfin Magani da Gwaji, da Yadda Ake Jan Hankalin Likitocin Iyali

Yana daga cikin al'amuran da za su ba mutumin ƙasarmu mamaki, shi da ya saba ganin majiyyaci ya yini a kan benci yana jiran likita, ko kuwa ya sayar da akuyarsa domin kuɗin allura, ya ji cewa a ƙasashe irin su Ingila da Amurka da Kanada, inda asibitoci suka wadata kuma magani bai yi ƙaranci ba, hukumomin lafiya da manyan ƙungiyoyin likitoci sun shafe shekaru suna roƙon likitocinsu da su rage rubuta magani, su kuma rage tura mutane ɗakin gwaji. Waɗanda aka fi fuskanta da wannan roƙo kuwa su ne likitocin iyali, wato likitocin unguwa da mutum yakan fara zuwa wurinsu idan ya ji jikinsa ba daidai ba, tun kafin a kai ga maganar babban asibiti. Dalili kuwa shi ne ta hannunsu galibin magani yake fita, har ma a Ingila fiye da kashi 70 cikin 100 na magungunan antibayotik, masu kashe ƙwayoyin bakteriya, a ɗakunan waɗannan likitoci ake rubuta su.

Asalin mas'alar daɗaɗɗe ne. Abubakar ar-Razi, likitan nan na birnin Rayyu wanda ya shugabanci asibiti a Bagadaza fiye da shekara 1,000 da suka wuce, an san shi da karantar da cewa ciwon da gyaran abinci zai warkar kada a kai shi ga magani, wanda kuma magani guda zai ishe shi kada a haɗa masa gauraye. Abin da zamaninmu ya ƙara a kai shi ne an ƙidaya ɓarnar da alƙaluma, sa'an nan an jarraba hanyoyin tsayar da ita ɗaya bayan ɗaya, har aka gane wadda take aiki da wadda daɗin ji kawai gare ta.

Illar maganin da bai zama wajibi ba sananniya ce, ba sai an tsawaita ba. Mura da galibin tari da ciwon maƙogwaro ƙwayar bairos ce take kawo su, ita kuwa antibayotik ba ya taɓa ta. Wanda ya sha shi a kan mura bai rage wa ciwonsa komai ba, sai dai ya jawo wa kansa haɗarin gudawa da ƙuraje, ya kuma horar da bakteriyar da ke cikin jikinsa ta saba da maganin, har ranar da za a buƙace shi da gaske ya ƙi ci. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin, ya yi gargaɗi a kan bijirewar ƙwayoyin cuta tun a jawabinsa na karɓar lambar Nobel a 1945. Wani babban lissafi da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum kimanin miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi tsanani bisa yawan jama'arsa shi ne Afirka ta Yamma. A Amurka kuwa an ƙiyasta a 2016 cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na antibayotik da ake rubuta wa marasa lafiyar da ba a kwantar ba, babu buƙatarsu ko kaɗan.

Inda shubuha take shiga zukatan mutane, har da masu ilmi, shi ne wajen gwaji. Domin kuwa kowa yana iya fahimtar cewa ƙwaya tana da dafi, amma da wuya mutum ya yarda cewa ɗibar jini cikin ɗan kwalba, ko kwanciya a ɗauki hoton cikinsa, zai iya zama sanadin cutuwa, alhali shi a ganinsa neman sani kawai aka yi. Amsar tana cikin yadda ake yanke abin da ɗakunan gwaji suke kira daidai. A galibin gwaje-gwajen jini akan auna jama'a masu yawa waɗanda lafiyarsu ƙalau, a ɗauki kashi 95 na tsakiya a ce nan ne haddin lafiya; ma'anar wannan ita ce, cikin kowane lafiyayyu 100, mutum 5 za su faɗa wajen haddin ba tare da wani ciwo ba. To, idan aka ɗauki lafiyayye guda aka yi masa gwaji 20 waɗanda ba su da alaƙa da juna, lissafi yana nuna cewa yiwuwar ɗaya daga cikinsu ya fito da alamar matsala ta kai kusan kashi 64 cikin 100. Daga nan sai a sake gwaji, sai a tura shi hoto, hoton kuma ya nuna wani ɗan tabo wanda da an bar shi da ba zai taɓa motsawa ba, sai a kai ga tsaga domin a ɗebo tsoka a duba. Mutumin da ya shigo da ƙafarsa yana raha sai ya koma gida yana rubuta wasiyya.

Ciwon baya shi ne misalin da likitoci suka fi kawowa. A 1994 wasu masu bincike a Amurka suka ɗauki hoton gadon bayan mutum 98 da na'urar MRI, dukansu kuwa ba mai jin ciwon baya ko kaɗan. Sai aka tarar kashi 36 cikin 100 ne kacal dukan faya-fayan guringuntsin bayansu suke daidai, fiye da rabinsu kuma suna da faifan da ya ɗan bulluƙo. Saboda haka idan mai ciwon baya na mako guda ya matsa aka yi masa wannan hoto, lalle akwai kyakkyawan zaton za a ga wani abu, amma babu yaƙinin cewa abin da aka gani shi ne mai ciwon, alhali galibin irin wannan ciwo yakan lafa da kansa cikin 'yan makonni. Abin da ya auku a Koriya ta Kudu ya fi wannan ban tsoro. Tun daga 1999, da gwamnati ta fara shirin binciken ciwon daji ga jama'a, asibitoci suka riƙa ƙara wa mutane sikanin halittar nan ta gaban wuya, wadda kumburinta ake kira maƙoƙo, a kan 'yan kuɗi kaɗan. Zuwa 2011 yawan waɗanda ake cewa suna da ciwon dajin wannan wuri ya ninka na 1993 har sau 15, amma yawan masu mutuwa da shi yana nan inda yake. Dubban mutane aka cire musu halittar, suka koma shan ƙwaya kullum har iyakar rayuwarsu, wasu ma muryarsu ta lalace, a kan ƙananan ƙulullukan da akasarinsu ba za su taɓa kashe kowa ba. Wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido.

To, me ya sa likita, wanda ya san duk wannan fiye da mai sharhi, yake ci gaba da rubutawa? Ba jahilci ne ya fi yawa a ciki ba. Likitan iyali a Ingila yana da kamar minti 10 ga kowane majiyyaci, kuma rubuta takardar magani ya fi sauri a kan zaunar da uwa a fahimtar da ita cewa tarin ɗanta zai wuce da kansa, musamman da yake bincike ya nuna irin wannan tari yakan ɗauki kwana 18 a matsakaici, alhali mutane suna tsammanin mako guda zai yi. An ma lura a Amurka cewa likita ya fi saurin rubuta antibayotik a ƙarshen zamansa na yini fiye da farkonsa, lokacin da gajiya ta ci ƙarfin haƙurin yin bayani. Sa'an nan akwai zaton da yake yi wa majiyyaci: wani bincike na 1997 a Ostareliya ya gano cewa idan likita ya ɗauka majiyyaci magani ya zo nema, yiwuwar ya rubuta masa tana ninkawa kusan sau 10, kuma wannan zato na likita ya fi abin da majiyyacin yake so a haƙiƙa tasiri. Mafi nauyi duka shi ne tsoro, domin hukuncin kuskuren biyu ba ɗaya ba ne. Likitan da ya hana gwaji sa'an nan ciwo ya bayyana daga baya, sunansa za a kira a kotu da gaban hukumar ladabtarwa. Wanda kuwa ya yi gwaji 100 na banza, ba wanda zai tuhume shi, bal ma yabonsa za a yi a ce mai kula ne. Illar israfi a warwatse take cikin jama'a, ba ta da fuska, ita kuwa illar hani tana da suna da dangi da lauya.

Yunƙuri mafi shahara na gyara ya fara ne daga wata maƙala da Howard Brody, likita kuma malamin ladubban aikin likita, ya buga a 2010, inda ya nemi kowace ƙungiyar ƙwararru ta fito da abubuwa biyar da mambobinta suke yawan yi ba tare da fa'ida ga majiyyaci ba. A watan Afrilu na 2012 gidauniyar ABIM ta Amurka ta ƙaddamar da shirin da ta kira Choosing Wisely da ƙungiyoyi 9, kowace da biyar ɗinta. Ƙungiyar likitocin iyali ta ce, daga cikin nata, kada a ɗauki hoton ciwon baya cikin makonni 6 na farko sai in akwai alamar haɗari; kada a ba da antibayotik ga kumburin kogon hanci mai sauƙi sai ya kai kwana 7 ko ya tsananta bayan ya fara sauƙi; kada a riƙa yi wa lafiyayyen da ba shi da alamar ciwon zuciya awon zuciya duk shekara. Hikimar shirin ita ce likitoci ne da kansu suka yi wa kansu hisabi, ba gwamnati ko kamfanin inshora ba, wanda da za a ce rowa ce ta sa shi. Kanada ta ɗauka a 2014 ƙarƙashin jagorancin Wendy Levinson, ƙasashe fiye da 20 suka bi sahu.

Amma da aka zo auna sakamako, sai murna ta ragu. Wani bincike na 2015 ya bi diddigin shawarwari 7 daga cikin na farko, ya tarar biyu ne kawai aikata su ya ɗan ragu, biyu ma ƙaruwa suka yi, hoton ciwon baya kuwa yana nan a wajen rabin masu zuwa da shi. A ganina wannan shi ne darasi mafi girma a cikin mas'alar duka, kuma malaman wa'azi sun riga likitoci saninsa: mai sauraro yakan gyaɗa kai ya gaskata mai wa'azi da zuciya ɗaya, yana kuwa ɗauka da maƙwabcinsa ake. Kusan kowane likita ya yarda ana israfi, kaɗan ne suke zaton su ne masu yi.

Saboda haka hanyar da ta fi tasiri ita ce wadda ta toshe wannan mafaka. A watan Satumba na 2014 babbar jami'ar lafiya ta Ingila, Sally Davies, ta sa hannu a wata gajeriyar wasiƙa da aka aika wa likitoci fiye da 3,000 a ɗakunan shan magani kusan 800, ana shaida wa kowannensu cewa ɗakinsa yana rubuta antibayotik fiye da kashi 80 cikin 100 na takwarorinsa a yankinsu. Babu barazana a ciki, babu tara. Cikin wata 6 rubutun ya ragu da kashi 3.3 cikin 100 idan aka gwada da ɗakunan da ba a aika musu ba, wato takardun magani fiye da 73,000, alhali fastoci da ƙasidun da aka rarraba domin majiyyata a ƙarƙashin wannan gwaji ba su canza komai ba. A Boston da Los Angeles an jarraba abin da ya fi wannan zafi a kan likitoci 248: wasu ana aika musu saƙo duk wata ana gaya musu ko suna cikin waɗanda suka fi iya aiki ko ba sa ciki, wasu kuma in sun zo rubuta antibayotik ga mura sai kwamfuta ta tsayar da su ta nemi su rubuta hujjarsu, wadda za ta zauna cikin fayil kowane abokin aiki ya gani. Rubutun da bai dace ba ya faɗo daga wajen kashi 20 zuwa ƙasa da 4 a rukunin farko, daga 23 zuwa 5 a na biyu. Adalci ne a ambata cewa har waɗanda ba a yi musu komai ba sun rage nasu, ko da yake bai kai haka ba, kuma da aka daina saƙonnin sai al'ada ta fara komowa sannu a hankali. Kunya ta yi aiki, amma tana buƙatar mai tunatarwa.

Wani lokaci ma gyaran takarda ya fi gyaran zuciya sauƙi. A lardin Alberta na Kanada, inda awon sinadarin bitamin D ya zama yayi, a 2015 aka canza takardar neman gwajin, aka wajabta wa likita ya nuna wane ciwo ne daga cikin 'yan kaɗan da aka lissafa ya sa yake nema. Sai gwajin ya ragu da kimanin kashi 90 cikin 100.

Sai dai hani kaɗai ba ya isa, domin majiyyacin da ya bar aikinsa ya zo bai kamata ya fita hannu rabbana ba. Wajibi ne a ba likita abin da zai miƙa a madadin ƙwaya. A Holan, cikin wani gwaji da aka buga a 2009, an ba wasu likitocin iyali ɗan awon jini na yatsa mai nuna ƙarfin kumburi a jiki cikin mintoci, wasu kuma aka koya musu yadda za su tambayi mai tari abin da yake tsoro da abin da yake tsammani, sa'an nan su yi masa bayani; kowace hanya daga cikin biyun ta saukar da rubuta antibayotik daga sama da rabin majiyyata zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, kuma masu tarin sun warke kamar sauran. Paul Little da abokan aikinsa a Jami'ar Southampton sun daɗe suna jarraba wata dabara, wato a rubuta takardar amma a ce da majiyyaci kada ya karɓi maganin sai in kwanaki kaza sun wuce bai ji sauƙi ba. Da yawa ba sa komawa karɓa. Faransa kuwa jama'a ta fuskanta kai tsaye, tun daga 2002, da sanarwa a talabijin da rediyo duk lokacin sanyi cewa antibayotik ba abin da ake bayarwa ga kowane ciwo ba ne, tare da ziyartar likitoci a ɗakunansu. Cikin shekara 5 rubutun lokacin sanyi ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu.

Masu suka suna da hujjar da bai kamata a raina ba. Suna cewa ƙididdiga a kan jama'a take magana, shi kuwa likita mutum guda ne a gabansa, kuma cikin masu tari dubu akwai wanda nasa ciwon huhu ne. Wannan gaskiya ne, har ma an auna shi: wani bincike na 2016 a kan ɗakunan likitocin iyali na Birtaniya ya ƙiyasta cewa ɗakin da yake kula da mutum 7,000, idan ya rage antibayotik na cututtukan numfashi da kashi 10 cikin 100, zai iya samun ƙarin mai ciwon huhu kamar guda a shekara, da ƙarin mai ƙurjin maƙogwaro kamar guda a shekara 10, ba a kuwa ga ƙaruwar sanƙarau ba. An kuma lura a Ingila cewa ɗakunan da suke tsuke hannu majiyyata sukan ba su maki ƙasa da na masu sakin hannu. Ashe ragewar tana da farashi, sai dai ƙarami ne kuma mai maganuwa idan an gane shi da wuri, sharaɗin kuwa shi ne likita ya faɗa wa majiyyaci a fili alamomin da in ya gan su zai komo ba tare da jinkiri ba, kuma in ya komo ya sami ƙofa a buɗe. Jerin shawarwari ba ya ɗauke wa likita ijtihadinsa a kan tsoho mai rauni ko jariri mai zazzaɓi. Duk hukumar da ta mai da wannan aiki hanyar tsimin kuɗi, ta ɗaura wa likita adadin da ba zai wuce ba, to ta ba masu zargin rowa gaskiya, kuma amanar da shirin ya dogara a kanta ta tafi.

A ƙasashenmu mas'alar tana da fuska biyu, domin rashi da israfi suna zaune gida ɗaya: ƙauyen da ba shi da likita yana da kemis mai sayar da kafso ƙwaya bibbiyu ba takarda, kuma majiyyaci da yawa ba ya jin an duba shi sai an yi masa allura ko ƙarin ruwa. A Nijeriya, inda fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majiyyaci yake fita, kuma ƙananan asibitocin kuɗi da yawa da cinikin magani da gwaji suke riƙe kansu, wasiƙar kunyatarwa irin ta Ingila ba za ta yi nisa ba muddin hani yana nufin asara ga mai hanawa; sai an kai ga biyan likita ladan dubawa da shawara, yadda zai iya cewa je ka gida ka huta ba tare da ya yi hasarar abincinsa ba.

Misali mafi kusa da mu shi ne hukuncin nan da kowa ya haddace, maleriya da taifod. Gwajin Widal, wanda likitan Faransa Fernand Widal ya ƙirƙira a 1896, ba ya tabbatar da taifod idan sau ɗaya aka yi shi a ƙasar da ciwon ya yawaita, domin jinin wanda ya taɓa haɗuwa da ƙwayar a da, ko wanda zazzaɓin cizon sauro yake damunsa a yanzu, yana iya nuna alama; abin dogaro shi ne a shuka jinin a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar za ta tsiro, wannan kuwa ya fi tsada kuma yana ɗaukar kwanaki. Sakamakon haka mutane masu yawa suna shan antibayotik na mako guda ko biyu a kan taifod ɗin da ba su da shi. A ɗaya gefen kuma, tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba da maganin maleriya sai an tabbatar da ita ta madubin ɗakin gwaji ko ta ɗan awon yatsa mai fitowa cikin kamar minti 15 zuwa 20, saboda zazzaɓi da yawa ba sauro ne ya kawo shi ba. Nan ƙarin gwaji ne yake rage magani, can kuwa gwajin ne yake haifar da shi. Tambayar da take raba su, wadda likitan Kano da na Landan duka za su iya yi kafin su ɗora alƙalami, ita ce ko sakamakon zai canza abin da za a yi wa majiyyacin. Wahalar da ta rage a asibitocinmu ita ce idan awon yatsan ya nuna babu maleriya, sau da yawa ma'aikaci yakan ba da maganinta duk da haka, ko ya musanya shi da antibayotik, domin uwar yaron tana tsaye, ta biya kuɗin mota daga nesa, kuma ba a tanadar masa wani awo da zai gaya masa abin da ya kawo zazzaɓin ba.